Daga Gazawa zuwa Tsibiri: Kufai, Wuraren Ibada da Wuraren Hira

Gazawa gari ne a gefen Gulbin Kaba, a kan babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta nufi Damagaram. Tun shekarar 2011 take hedikwatar gundumarta, wadda aka yanka daga gundumar Agye, ta haɗa Gazawa da Gangara. Matafiyin da motarsa ta tsaya a tasha ba zai ga abin da ya raba ta da sauran garuruwan bakin hanya ba: rumfunan kwano, masu tsire, buhunan aya da na riɗi jibge suna jiran manyan motoci, yara da tiren goriba a ka. Amma garin ya girmi hanyar nesa ba kusa ba, kuma akwai lokacin da sunansa kaɗai kan sa a rufe ƙofofin ƙauyukan arewacin Katsina tun rana ba ta faɗi ba.

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gazawa a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Garin da ya tarar kusan murabba'i ne, an kewaye shi da kafi mai ƙarfi, a bayan kafin kuma gwalalo mai zurfi. Kowane gefe yana da ƙofa guda ta ginin ƙasa, a samanta akwai wurin da maharba kimanin goma sha biyu za su laɓe. Ya ƙiyasta mutanen garin sun kai dubu goma, kuma babu wanda ya yi gangancin gina gida a wajen kafi.

Dalilin wannan tsaro yana cikin abin da ya faru shekara arba'in da 'yan kai kafin zuwansa. A 1807 mutanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina. Sarkin Haɓe, Magajin Halidu, ya janye zuwa Ɗankama, da aka sake fin ƙarfinsa a can sai ya faɗa rijiya. Ɗan Kasawa ya ɗauki ragowar gidan sarauta ya yi gabas zuwa Damagaram, daga baya ya komo ya kafa mulki a Maraɗi wajajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa. Gazawa ta zama bakin dagar wannan sabuwar daula ta fuskar kudu maso gabas. Tsakaninta da Katsina sai aka bar ƙasa ta koma daji, domin ba mai iya noma inda mahaya ke ratsawa duk rani. Barth ya bi ta cikin wannan daji da ayarin gishiri, ya wuce ta kufan Ɗankama. Yau Ɗankama gari ne mai kasuwa a ƙaramar hukumar Kaita ta jihar Katsina, dajin kuma ya zama gonaki, iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta bi kusan ta tsakiyarsa.

Kafi itace ne, ƙofa kuma laka, don haka gara da damina sun gama da su tun tuni. Wannan ita ce matsalar duk mai neman tarihi a ƙasar nan. A Turai majami'ar ƙauye kan yi shekara ɗari bakwai a tsaye saboda dutse ce, ko da kowa ya manta da ita. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da hannu: shekarar da aka fasa yaɓe, shekarar yake fara mutuwa. Abin da kan rage shi ne kufai, kuma kufai yana da karatunsa. Tudu ne mai faɗi a tsakiyar gona, ƙasarsa ta fi ta kewaye duhu saboda toka da juji na zamanin da. Bayan ruwan farko sakaina da katangar tukunya kan fito fili, wani lokaci da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ko baƙin kashin tama inda maƙera suka taɓa narka ƙarfe. Idan aka ga kukoki uku ko huɗu a jere inda babu gari, to da akwai gari, domin kuka kan bi mutum, daga 'ya'yanta da aka sha aka zubar take tsirowa. Ramuka masu zagaye da suka cike da rairayi, kusa da juna, galibi marina ce. Manomi ya san duk wannan, yakan kuma san sunan garin da abin da ya tashe shi, ko yaƙi, ko yunwa, ko ƙafewar rijiya. Abin takaici shi ne yawancin wuraren nan ba alama, ba shinge, ba rubutu. Garmar shanu na daidaita tudun kaɗan-kaɗan, tsofaffin da suka riƙe sunayen kuma suna ƙarewa.

Akwai wani tarihin da ya fi kusa, ya kuma fi ɗaci. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta ratso ƙasar Hausa daga yamma ta nufi tafkin Cadi, tana ƙona garuruwa tana karkashe mutane, daga Birnin Ƙonni har Koran Kalgo a wannan yanki. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya, suka kashe Chanoine sannan Voulet. Kaburburan mutum biyun suna Maijirgi, gabas da Tasawa, an gina su da siminti. Mutanen da suka kashe kuwa, waɗanda aka cika rijiyoyi da gawarwakinsu, ba su da ko dutse guda mai ɗauke da suna. Jikokinsu ne ke riƙe da labarin, suna iya kai baƙo su nuna masa inda abin ya faru.

Daga Gazawa zuwa yamma hanya kan bi ta Agye, sannan Cadawa mai babbar kasuwa. Abin kallo a nan itatuwa ne. A shekarun 1970 da farkon 1980, bayan fari ya yi ɓarna, gonakin yankin sun kusa zama fili fetal. Daga 1983 aka fara yaɗa dabarar da manoma ke kira sassaben zamani: maimakon a sare tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a bar su, a rage sauran. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ɗin SIM a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan ta, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye kuma suka yi suna a kanta har ana zuwa daga wasu ƙasashe a gani. Gawo da kalgo da sabara da aduwa sun dawo cikin gero. A kwarin Gulbin Kaba kuma goriba ce sarauniya, da ganyenta, wato kaba, ake saƙa tabarma da igiya da faifai, daga gare ta kwarin ya sami suna.

Wurin da tarihi ya fi zama da ransa shi ne Tsibirin Gobir, 'yan kilomita kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi, a gundumar Gidan Runji. Labarinsa tagwaye ne da na Maraɗi. Alƙalawa, birnin Bawa Jangwarzo, ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka yi shekaru suna yawo da sarautarsu, har aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maraɗi duk suka kwanta dama. Bayan wannan karo ne Sarki Mayaƙi, da taimakon Sarki Ɗan Mari na Maraɗi, ya kafa Tsibiri a cikin fadamar Gulbin Maraɗi, ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Katsinawa. Daga baya wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wanda yanzu yake cikin jihar Sakkwato. Gida ɗaya ne, iyaka ta raba.

Tsibirin da ake gani yau ba shi ne na Mayaƙi ba. A 1945 gulbi ya yi ambaliyar da ta rushe tsohuwar Maraɗi da tsohon Tsibiri, aka tayar da garuruwan biyu zuwa kan tudu. An shata sabon Tsibiri da fadar sarki a tsakiya, tituna na fita daga ƙofar fada kamar tsarkiyar laima, ta yadda duk inda mutum ya bi ya miƙe sai ya tsinci kansa a gaban zauren sarki. Ginin ba shi da tsufan da zai ba baƙo mamaki. Abin da ya tsufa shi ne tsarin zama. Da hantsi fadawa kan tuɓe takalma tun daga nesa, kowa ya san gurbinsa a kan tabarma gwargwadon sarautarsa, mai kawo ƙara ya durƙusa ya yi gaisuwa, dogarai su amsa masa da "Sarki ya gaishe ka" kafin ya buɗe baki. Majalisar masu zaɓen sarki, Taran Gobir, tana nan. Ranar Salla tambura da kakaki da algaita kan fito, maroƙa su jero sunayen sarakuna tun daga Alƙalawa da gabanta, kuma wannan jerin shi ne kundin tarihin da ambaliya ba ta ci ba. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Gobir da ta Katsinar Maraɗi da ta Doso zuwa matsayin sultan.

Kusa da fada akwai gidan Inna. Innar Gobir mace ce daga gidan sarauta da sarki ke naɗawa, ita ce uwar 'yan bori da matan gari, takwararta a Maraɗi ita ce Iya. A da ba a fita yaƙi ko a shiga damina ba tare da an ji ta bakinta ba. A ƙasashen da tutar Shehu ta kai irin wannan sarauta ta shuɗe ko ta zama suna kawai. A nan ta tsira saboda gidajen da suka kafa Tsibiri da Maraɗi gidaje ne da suka ƙi miƙa wuya. Haka ma Anna, manoman asali da ba su musulunta da wuri ba, sun daɗe da tsafinsu na gado: jigo a tsakar gida, tsamiya ko kuka a bayan gari inda ake yanka wa iskoki irin su Kure ko Uwar Gona, bikin buɗin dawa kafin a fara farauta, da bikin dubu na manomin da ya tara dami dubu ya zama sarkin noma. Bafaranshen masani Guy Nicolas ya yi shekaru yana rubuta waɗannan al'adu a kwarin Maraɗi. Yawancinsu yanzu sun ja baya ƙwarai, jikokin Anna limamai ne da alhazai, amma akwai itatuwan da har yau mai gatari kan kauce musu.

Masallaci shi ne ginin da kowane ƙauye ke fara nuna wa baƙo. Na da ɗaki ne na tubali da azara, rufinsa soro, ƙasansa rairayi mai laushi da ake tankaɗewa a sabunta, bakin ƙofa da randa da butoci, gefe guda kuma matakala uku ko huɗu inda ladan ke hawa. Bayan kaka ake yi masa gayya: samari su kwaɓa laka da ƙaiƙayi, mata su jawo ruwa, magini ya hau ya gyara indararo, kafin azahar bango ya yi santsi da sawun yatsu a jikinsa. Irin wannan masallaci yana da sanyi a bazara, yana da ɗumi a hunturu. Duk da haka yana ƙarewa, domin da zarar ɗan gari ya yi arziki a Maraɗi ko Kano ko Legas, ko wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen Larabawa ta kawo tallafi, sai a rushe shi a yi na bulo da kwano da 'yar hasumiya mai lasifika. Ba a zargin kowa da son ginin da ba ya bukatar yaɓe duk shekara, amma da za a riƙa gina sabon a gefe a bar tsohon, da an yi wa na baya adalci.

Yawan masallatai a gari ɗaya kuma yana ba da nasa labarin. Akwai zawiyar 'yan Tijjaniyya inda ake shimfiɗa farin ƙyalle a yi wazifa, a yi zikiri da yammacin Juma'a, a raya daren Mauludi. Akwai masallacin Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 ta shigo jahar Maraɗi ta hannun 'yan kasuwa da ɗalibai, da makarantar islamiyya a jikinsa da darasin matan aure. An sha zafin jayayya a shekarun 1990, har uba da ɗa su raba sahu. Yanzu an fi zama kowa da nasa. Masu ziyara kuwa kan nufi kudu zuwa tafkin Madarumfa, inda ake cewa waliyyai 99 ke kwance a kewayen ruwan, wurin da Nijar ta sa a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006.

Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, amma jahar Maraɗi na cikin wuraren da suka fi kafuwa, kuma Tsibiri ce tushen. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 ya buɗe tasha a Tsibiri, inda aka yi ɗakin shan magani da makarantar Littafi Mai Tsarki. Daga baya aka buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi, aka kuma sami wata makarantar horar da masu bishara a Agye. Da Hausa aka yi komai, musamman bayan fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932, shi ya sa Kiristan Tsibiri Bagobiri ne ko Bakatsine mai zane a fuska, sunansa Abdu ko Hajara, yana cewa "in Allah ya yarda" kamar maƙwabcinsa. Majami'ar ƙauye ɗaki ne mai tsawo da bencina, maza gefe mata gefe, 'yan zumuntar mata da anko suna kaɗa tulu da caki. Cocin Katolika ya fi zama na birni, Maraɗi ta zama mazaunin bishop a 2001. An taɓa majami'u a tarzomar Maraɗi ta 2000 da ta ƙasa baki ɗaya a Janairun 2015, abin da ya bar tabo. A ƙauyuka dai suna da jana'iza da rijiya ɗaya sun ci gaba da haɗa mutane.

Saura wuraren hira. A gidajen Anna giyar dawa ita ce abin tarbar gayya da biki, mata ke dafa ta kwana biyu zuwa uku, a sha a ƙwarya a gindin itace, babba ya fara. Musulunci ya kore ta daga fili, ta koma 'yan ɗakuna a bayan gari da mashayar ma'aikata a manyan garuruwa, waɗanda mai mutunci ba ya so a ga babur ɗinsa a ƙofarsu. A garuruwan kasuwa an yi zamanin gidan magajiya, inda ake goge da rawa daren kasuwa, har 'yan siyasar jam'iyyun RDA da Sawaba na shekarun 1950 suka riƙa neman goyon bayan magajiyoyi saboda su ke tara jama'a. Zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ta riƙe dandali, da wasan kwaikwayo da aikin gayya da kokowa. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a 1975, kuma har yanzu bayan girbi kowane gari kan share fili a kafa ganguna. Dattawa kuwa ba su taɓa barin majalisarsu ba: kututturen giginya ko tabarma a inuwar dogon yaro kusa da masallaci, inda ake sanin farashin aya da wanda zai aurar da 'ya.

Abin da ya mamaye yau shi ne fada. Samari suka ari kalmar daga ƙofar sarki, al'adar ta taso daga Damagaram a shekarun 1990, lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara karanta gaisuwar ƙungiyoyi, ta bazu har ƙauyen da ba shi da lantarki. Fada ba ta bukatar gini. Benci ne ko tabarma a jikin katanga, sunan ƙungiya rubuce da gawayi ko fenti a bango, da shugaba da ma'aji da mai dafa shayi. Shi mai shayin yakan hura gawayi a 'yar murhun waya, ya ɗora ƙaramar buta da ganyen shayi na Sin, ya bar shi ya tafasa har ya yi baƙi, ya zuba sukari, sannan ya riƙa ɗaga butar sama yana tsiyayawa cikin ɗan kofin gilashi yana mayarwa, har kumfa ta tsaya. Kofi biyu ko uku ne ke zagaya mutum goma. Dahuwar farko ɗaci, ta biyu daidai, ta uku zaƙi, kuma kafin a kai ta ukun an ci awa biyu, an yi karta, an saurari labarai, an yi gardamar ƙwallo da ta siyasa. Akwai asusu da kowa ke zuba abin da ya samu, da shi ake kai gudummawar aure da suna, ko a sayi magani idan ɗaya ya kwanta. Wasu fadodin kan yi sintirin unguwa da dare, wasu su share makabarta ko su cike kwazazzabon da ruwa ya yi a hanya. Iyaye kan yi ƙorafin zaman banza, wani lokaci da gaskiyarsu, amma saurayin da gonar gidansu ba ta kai ta raba wa 'yan'uwa shida ba, a nan yake jin inda ake neman leburori da wanda zai ranta masa kuɗin mota.

Shi ya sa yawan fada ke bin shekara. Da an ɗaure gero an kai rumbu, an sayar da aya, sai benci ya fara yin fili: wannan ya tafi Kano, wancan Agadas ko wuraren haƙar zinariya, wani har Libiya ko Aljeriya. Biyu ko uku da suka rage su ke riƙe butar, sauran ana jin muryarsu ta WhatsApp, suna turo kuɗin sukari. Sukan dawo gab da Salla ko da hadarin farko ya haɗu a gabas, a sake shafa wa sunan da ke bango fenti, a ƙaro kofi.